Ranar da Na Kai Saba Gidan Mai Unguwa

Ba zan taɓa mantawa da wata Talata ba, ranar da na tashi tsaye don in ceci ajinmu, na kusa rufe shi da hannuna.

Ni manomi ne daga Rawayya. Sai da na haura hamsin kafin na shiga ajin yaƙi da jahilci a Bungudu, sau uku a mako nake taka keke in je. Wata ƙungiya ce ta buɗe ajin, tana da irinsa a Gusau da Tsafe. Kwamfutoci takwas gare mu da wutar sola, a cikinsu muke bin darasi bayan malaminmu, Malam Lawali, ya gama da mu a allo. Ni aka naɗa shugaban aji, wai don haƙurina (gaskiyar magana, ni ne nake riga kowa zuwa in share ɗaki), mabuɗi ma a hannuna yake.

A lokacin wata magana tana yawo, wai ƙungiya za ta rufe aji ɗaya ta haɗe ɗalibansa da wani. Abokin zamana, Ardo Buba, makiyayi ne, shi ya jiyo ta a kasuwa. Wa ya faɗa? Bai sani ba. Amma maganar ta zauna mini a ƙirji, domin in aka mayar da mu Tsafe, sai an wuce Gusau kafin a kai. Kekena ba zai je ba, gwiwoyina ma haka. Karatun da na fara kamawa zai tsaya ke nan.

Ana cikin haka sai ga baƙo da jaka a kafaɗa. Malam Lawali ya ce, "Wanga shi ne Injiniya Nura, ya zo ya daidaita muna saba." Ya nuna wani baƙin akwati da aka kawo makon da ya wuce aka ɗora a kan kanta, wayoyi na fita ta bayansa. Ban tambayi mece ce saba ba (shugaban aji ne ni, yaya zan yi tambaya gaban jama'a?). Da muka gaisa na ce, "Injiniya, daga ina?" Ya ce, "Mutumin 'Yankuzo ne ni, Baba." 'Yankuzo! Ƙasar Tsafe! Na dubi Ardo, Ardo ya dube ni.

Na ɗauki tsintsiya na koma bayansa ina share wurin da na riga na share. A fuskar kwamfutarsa ga jerin kwamfutocinmu, ɗaya zuwa takwas. A gefe kuma layi uku ne. Hularsa ta kare mini na sama, amma na haɗa baƙaƙen na biyu a hankali: Gusau. Na ƙasa kuma: Tsafe. Ina kallo ya kama Tsafe ya jawo ta sama da Gusau, ya danna wani wuri, sai kwamfutocinmu suka riƙa samun alama ɗaya bayan ɗaya har takwas ɗin.

Na ce, "Injiniya, mi Tsafe ke yi cikin kwamfutocinmu?"

Bai ko waiwayo ba. "Tsari ne nake yi, Baba, kar ka damu."

To ni a rayuwata ba a taɓa ce mini kar in damu ba sai in akwai abin damuwa.

Na ja Ardo waje na gaya masa abin da na karanta da idona. Ya jinjina kai ya ce, "Mu dai wurinmu, in ana gardama kan saniya, ba a barin ta hannun mai gardama. Wurin babba ake kai ta har a sasanta." Mu ma haka muke yi da garma ko buhun hatsi. Nan take na ga hanya.

Da aka kira Azahar kowa ya nufi masallaci, na ce su yi gaba zan kulle ƙofa. Na zare wayoyin akwatin da bisimilla, na saka shi cikin tsohon buhun taki, na ɗaure a bayan keke. Sai gidan mai unguwa.

Ya leƙa buhun ya ce, "Mi ne ne wanga? Rediyo?"

Na ce, "Amana ce, ranka ya daɗe. Sunayenmu da karatunmu ke ciki, ana son a kwashe su Tsafe."

Ya sa aka ajiye shi a zaure kusa da wata garma da mutum biyu ke jayayya a kanta. Bayan mun yi salla ya ce zai bi ni ya ji ta bakin baƙon. Na ji daɗi ƙwarai. Ga shaida, ga hukuma.

Mun tarar an buɗe da mabuɗin Malam Lawali, kowa ya zauna, darasi kuma ya ƙi tafiya, hoto ɗaya sai an jira an gaji. Na duba saman kwamfutar Ardo, inda ake rubuta wurin da darasi ke fitowa. Na duba ta gaba. Na duba ta uku.

Na ɗaga murya na ce, "Jama'a, ku duba da kanku! Ranka ya daɗe, matso!" Na ɗora yatsa na karanta musu dalla-dalla, yadda aka koya mana: "Tsa... fe. Tsafe! Duk takwas! Ko fita garin Injiniya bai yi ba ya riga ya miƙa mu!"

Injiniya ya taso yana mamaki. Ya duba kwamfutar, ya juya ya dubi kanta. Wayoyi ne kawai ke lilo.

"Ina sabar?"

Na ce da ƙarfin gwiwa, "Tana hannun hukuma."

Injiniya ya dube ni. Sannan ya cire hularsa, ya juyo da kwamfutarsa ya ce in karanta layin sama. Na haɗa baƙaƙen, muryata na raguwa: Bungudu.

Ya ce, "Baba, da can kwamfutocinku har Gusau suke zuwa ɗauko darasi, shi ya sa suke nauyi. Aka kawo muku taku sabar. Yau na gaya wa kowace ta fara neman ta gida. In ba ta same ta ba ta nemi Tsafe, don tasu ba cunkoso. In can ma babu, sai Gusau. Kamar rijiya ce, ta ƙofar gida ake fara zuwa, sai ta ƙafe a tafi ta maƙwabta. Sun nemi ta gida sun rasa, ina kake son su tafi?"

Malam Lawali ya dafe kai ya ce, "Kuma rahoton halarta ta sabar yake bi zuwa Gusau. Yau za su ga ba kowa a Bungudu, Tsafe kuwa ta samu ƙarin mutum takwas. In da mai neman dalilin rufe mu, ka ba shi."

Na juya wurin Ardo ko zai ce wani abu. Ya gyara zama ya ce, "Ni saniya na ce, ban ce akwati ba."

Dariyar da aka yi har masu shago na waje sai da suka leƙo. Ni kuwa ina tsaye, yatsana bai bar kan kwamfutar ba.

Abin bai ƙare nan ba. Mai unguwa ya ce amana ba ta fita daga zaurensa sai masu gardama biyu sun zo sun ce sun sasanta. Haka Injiniya, bawan Allah, ya bi ni a ƙasa, muka durƙusa gaban zaure, aka tambaye ni ko na janye ƙara. Na ce na janye. Ya karɓi sabarsa tana warin taki, ya hure ta, ya mayar da wayoyi. Cikin ɗan lokaci duk takwas suka koma Bungudu, darasi na gudu yadda ban taɓa gani ba.

Malam Lawali ya ce tunda ni na ɓata rahoton, ni zan rubuta wa ofishin Gusau bayani da hannuna. Kwana uku na yi a kan layi shida. Ita ce takarda ta farko da na taɓa rubuta wa wani ofis, kuma a cikinta na rubuta cewa ni ne na sace sabar ajinmu don kada a sace ta. Sun amsa cewa sun gyara rahoton, ba kuma wanda ya taɓa maganar rufe Bungudu. Har yanzu muna nan.

Tun daga ranar, kafin in ceci abu, nakan fara tambayar mai shi ko yana neman ceto.