Gwaggo Mai Kallabi Biyu

Ba zan taɓa mantawa da bikin yayana a Buza ba, ko da kuwa na tsufa na manta sunan jikokina. A lokacin ban daɗe da dawowa daga Yamai da takardar shaidar iya rubuta manhajar ordinatar, wato kwamfuta, ba, kaina ya kumbura har hijabi na neman yi mini kaɗan. Sai na ce wa Inna ba sai an nemo maroƙi ya yi wa gwaggonni kirari ba. Ni zan haɗa manhajar da za ta haska hoton kowacce a majigi, da sunanta da godiya.

Inna ta ce, "Ki dai kula, kar ki bar kowa baya. Ni za a zarga, ba ke ba."

A yaren ordinatar da nake rubuta manhajar da shi akwai wani abu kamar ɗan aike: ka ɗora masa saƙonni ya kai wa wani sashen manhaja. Amma ba ya ɗaukar fiye da sha shida. Gwaggonnina kuwa, Allah ya yi albarka, su goma sha bakwai ne. Maganin bai fi cikin cokali ba, a tattara su cikin kwando guda a miƙa masa a matsayin saƙo ɗaya. An koya mini wannan. Amma na riga na jera su ɗaya bayan ɗaya, ga lalle yana jirana, sai ƙiwa ta ba ni shawara: na manna hotuna biyu na ƙarshe gefe da gefe, na haɗe sunayen, na tura su a gurbi guda. (Ban gwada ba. Gwani yana gwaji ne?)

Biyun nan su ne Gwaggo Hadi ta Tabotaki da Gwaggo Zali ta Garhanga, waɗanda ko gaisawa ba sa yi tun da akuyar ɗaya ta cinye waken ɗaya.

Bayan magariba aka kunna majigi a tsakar gida. Hoto ya fito, a rangaɗa guɗa, wani ya fito, a rangaɗa. Ina tsaye gefe ina hura hanci. Na manta shaf manhajar tana yanke tsakiyar hoto ne ta sa a da'ira. Sai ga wata mata ta cika bango, kallabi rabi ja rabi kore, rabin fuskar Hadi a manne da rabin ta Zali, a ƙasa an rubuta "Gwaggonmu abar ƙauna, Hadizali."

Can wata tsohuwa ta ce, "Wagga kuma ɗiyar wa ta?" Ai sai dariya ta ɓarke, har amarya a cikin mayafi kafaɗunta na rawa. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Su biyun suka taso tare, kafaɗa da kafaɗa.

"Ke! Mi munka yi miki?" in ji Gwaggo Hadi.

"Hwaɗa mata, Hadi! Ina sauran hancina?"

Suka zaunar da ni, suka zauna a tabarma ɗaya suna karɓa wa juna faɗa, har aka kawo tuwo suka ci a kwano guda ba su lura ba. Inna ta yi dariya har da hawaye, ta ce aikin da dattawa suka kasa ne na yi.

Yanzu ko saƙo biyar zan aika, kwando nake nema, kuma sai na gwada. Su kuwa sun zama aminai, kowace sallah tare suke zuwa gidanmu su ba da labarin sakarcina.