Kaka Ya Kai Kuɗin Magani Shagon Littattafai

"Sannu da jinya, angona! Ashe nan aka dawo da kantin maganin?"

Tsohon bai juyo ba. Hancinsa ya kusa taɓa allon da mai shago ke manna hotunan littattafan zane masu fitowa, hannunsa ɗaya riƙe da tabarau don ƙafar tabarau ɗin ta karye an ɗaure ta da zare. Shagon ɗan ƙarami ne a ƙarƙashin wani bene, tsakanin mai gyaran waya da mai guga, in mutum uku suka shiga sai na huɗu ya jira a waje. Mai maganar jikarsa ce, 'yar babbar 'yarsa, wadda ke sayar da magani a wani kanti a bayan layin. Hutun rana ta fito da farar rigar aiki a jikinta, don ta leƙa abin da zai fito sabo. Ba ta yi zaton ganin wani na gida ba, balle shi, da uwarta ta damƙa wa kuɗin maganin hawan jini da safe ya ce daga nan sai kanti.

"Yauwa, sannu, Gajeriya. Matsa, kin tare min haske."

"Da wane tsawon? Ba yanzu ka ce min gajeriya ba?"

"Faɗinki ne ya tare."

"Ina maganin?"

"Yana nan lafiya."

"Ina?"

"A kanti, inda aka ajiye shi. Ba mai sacewa."

"Wane kanti? Tun safe ni ce a bakin kanta, ko inuwarka ban gani ba."

"An gaya miki naku ne kaɗai a garin? Ku da kuke sayar da ƙwaya kamar da zinariya aka haɗa ta. In ina neman ɓarayi na san inda zan same su, ba sai da rakiyarki ba."

"Ɓarawo ai ga shi a gabana da furfura. Ka karɓi kuɗin mama ka zo kallon hoto kamar ɗan firamare."

"Kuɗin 'yata ne. Ni na haife ta. Ke da aka tsinto a ƙofar asibiti, me ya shafe ki?"

"Ai gara ni an tsinto ni. Kai ajiye ka aka yi aka manta."

Tsohon ya ja tsaki, ya zaro hankici daga aljihu zai goge tabarau. Sai wani ɗan ƙullin takarda ya biyo hankicin ya faɗi ƙasa. Kafin ya lallaɓa ya sunkuya ta riga shi. Ta buɗe. Ƙwayoyin maganinsa ne, kowace an raba ta biyu, yankan tsaf, ba ko garin da ya zube. Murmushin da ke fuskarta ya ɓace.

"Wa ya raba waɗannan?"

"Ba ni abina."

"Na ce wa ya raba su?"

"Likita."

"Wane likita?"

"Ni. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana buɗe cikin agogo, ƙwaya ce za ta gagare shi? Dubi yankan, ko injinku bai kai ni ba."

"Guda ɗaya aka ce ka sha kullum, Kaka. Guda ɗaya cikakkiya!"

"Jinin nawa ma rabi ne ya rage, me zai yi da cikakkiya?"

"Tun yaushe?"

Can sai ya ɗaga haɓa ya nuna allon. "Tun da aka manna wancan."

Hoton wani direban jirgin ƙasa ne, tsaye a bakin tasha da fitila a hannu. Kowa a gidan ya san labarin, don dole: direba ne da ƙaninsa ya ɓata a tasha suna yara, ya girma yana bin layin dogo gari-gari yana nemansa. Tsohon ya fara sayen littattafan tun uwar yarinyar tana rarrafe, suna nan jere a akwati a ƙarƙashin gadonsa, ba wanda ya isa ya taɓa da jiƙaƙƙen hannu. Mai zanen ya daɗe da dainawa, har an fid da rai, sai bana aka ce zai kawo ƙarshen labarin.

"Saboda wannan mai hancin kamar bututun buta kake wasa da ranka?"

"Ki iya bakinki! Hancinsa ya fi na duk samarin da ke zuwa kantinku sayen maganin ciwon kan ƙarya."

"Mutumin da ya kasa gano ƙaninsa tun kafin a haife ni! Ya ba ni aikin, yini ɗaya na kawo masa shi."

"Ke? Ke da takalminki ma sai an taya ki nema da safe?"

"Kar ka sauya magana. Ranar da na ɗaga ka a ƙofar banɗaki, ka ce min santsi ne. Santsi! Mama ta yi ta yi wa ƙanena faɗa wai shi ya zubar da ruwa, har ta mare shi. Ashe jiri ne ya kayar da kai, kana kallo aka mari yaro a banza."

"Ai yana da wasu laifuffukan da ba a mare shi a kai ba. An rage masa ne."

"Ba wasa nake ba!"

Muryarta ta cika shagon, har mai guga ya leƙo ya koma. Tsohon ya cire tabarau, shi ma ransa ya ɓaci.

"To ni wasa nake? Zo ki gani. Zo mana, tunda idonki ya fi nawa. Karanta abin da suka rubuta a ƙasa."

Ta matso ta duba. "Kashi na ɗaya, wata mai zuwa. Kashi na biyu, bayansa."

"Kin ji ko! Littafi ɗaya suka tsaga biyu, kowane rabi kuma da kuɗin da a da zan sayi uku in sha shayi da canji. Su sun raba littafi ba wanda ya ce musu komai. Ni na raba ƙwayata, da bakina da cikina, an taso min kamar na yi kisan kai. Taɓa takardar ma ki ji, in kika yi atishawa sai ta yage. Azzalumai! Na bi su tun gashina baƙi, sai da suka ga na daina samu sannan suka tuna da ni."

Mai shago, wanda tun ɗazu yake yi kamar yana jera kaya, ya yi gyaran murya. "Baba, ba laifinmu ba ne. Takarda ce ta yi tsada, kuma kaɗan za a kawo. Wanda bai ba da kafin alƙalami ba a makon nan, gaskiya ba zai samu ba."

"Wa ya sa da kai?" suka faɗa tare.

Mai shago ya koma jera kayansa.

"To ka gaya wa mama mana," in ji ta. "Bakinka ciwo yake?"

"In gaya mata me? In ce 'yata, ba ni kuɗin littafin yara? Matar da take ɗinki har bayanta ya ƙage? Gishiri an hana ni. Sukari an ɓoye, kamar ni ne ɓeran gidan. Kekena an ba wa maƙwabci wai kar in faɗi. Agogon mutane na daina karɓa, hannu na rawa. Da safe a ce tashi, da rana a ce kwanta, kowa ya zama ubana a gidan da na gina. Abu ɗaya ya rage min da nake jira da kaina, ba wanda ya rubuta min shi a takardar likita. Ina so in san ko ya ga ƙaninsa. Shi ke nan. Laifi ne?"

"Da rabin ƙwaya za ka gan shi? Ko kashi na ɗayan ba za ka kai ba! Sai dai mu jera littattafan a kan akwatinka muna kuka. Ni kuwa ba zan yi kuka ba, gadonka zan ɗauka, katifata ta mutu."

"Katifar da kika kashe da nauyi."

"Sannan in auri yaro sabo, mai haƙora."

"Wa zai ɗauke ki? Ni ma da nake haƙuri da ke, lada nake nema." Ya mayar da tabarau, ya ƙare mata kallo daga sama har ƙasa. "Tsaya ma tukuna. Ke me ya kawo ki nan? Ba hutun cin abinci kika fito ba? Ina abincin?"

"Na ƙoshi."

"Ƙarya kike. Tun ɗazu nake jin cikinki yana ƙugi, na zaci fankar shagon ce ta lalace. Mai shago, wannan tana zuwa nan?"

Mai shago ya dube ta, ya dube shi. "Yanzu an sa da ni?"

"An sa."

"Kullum tana zuwa. Wancan take jira." Ya nuna wani hoto a ƙasan allon, wata yarinya da babbar riga da kyanwa a kafaɗa.

Tsohon ya tafa hannu. "A'a! Ashe babbar likita ma marar lafiya ce! Wannan? Yarinyar da kyanwa ke gaya wa inda ɓarayi suke? Wannan shirmen kike hana cikinki abinci a kai? Shi ya sa kike dawowa gida a ƙafa kina cewa motsa jiki kike!"

"Kuɗina ne, da gumina."

"Ni kuma da gumin wa na haifi uwarki?"

"Ni in na ƙi cin abincin rana ba faɗuwa zan yi a banɗaki ba."

"Dubi zanen ma, idanu kamar faranti, ƙafafu kamar tsinken ashana. Mai zanen nan bai taɓa ganin mutum ba."

"Ta fi direbanka. Ita duk littafi sai ta kama wanda take nema."

"Ai kyanwar ce mai aikin. Ita rakiya take, kamar ke a kantinku."

Ta tsaya tana kallon allon, ta dubi yarinya mai kyanwa, ta dubi direba da fitilarsa, leɓenta a cije. Ƙullin ƙwayoyin yana hannunta har yanzu. Sai ta buɗe jaka da ƙarfi kamar jakar ce ta yi mata laifi, ta zaro duk abin da ta daɗe tana tarawa, ta dangwara a kan teburin mai shago.

"Mai shago, ajiye min na direban. Duka biyun."

"Naki fa?"

"Kyanwar ba hawan jini gare ta ba, za ta jira."

Tsohon ya yi sauri ya dafe kuɗin. "Ɗauke abinki. Ban roƙe ki ba. Ni ba a ciyar da ni da yunwar jikata."

"Cire hannunka, wa ya ce naka ne? Nawa ne. Ni za a ba in ya iso, a kantinmu zai zauna, cikin durowa mai makulli. Kullum da safe ka zo, in ba ka ƙwaya cikakkiya da ruwa, ka haɗiye a gabana, ka buɗe baki in duba ƙarƙashin harshe. Sannan in ba ka ka karanta shafi biyu."

"Shafi biyu! Ni kike yi wa awo?"

"Ka ƙara magana ya koma ɗaya."

"Muguwa. Tun kina zanin goyo na san muguwa ce, gemuna kika fara ja kafin ki iya cewa mama."

"Kuma yau da bakinka za ka gaya wa mama abin da ka yi, ka ba ƙanena haƙuri."

"In ba wa wannan mai kan kwakwar haƙuri? Gara in sha ƙwaya biyu."

"Ɗaya aka ce! Kawo kuɗin maganin."

Ya tsaya yana huci. Ya dubi mai shago ko zai samu mai goya masa baya, mai shago ya duƙufa a kan rubuta rasit. Ya sake duban direban, ya daɗe yana kallonsa, sannan ya yi ƙasa da murya.

"To in na sha duk yadda kika ce, kuma duk da haka na tafi kafin na biyun ya iso fa?"

"Sai in karanta ni kaɗai."

"Shi ke nan?"

"A'a. In yi wanka, in yi kwalliya, in zo har kabarinka in zauna, in ce maka, angona, na ga ƙarshen labarin. Sannan in tashi in yi tafiyata ban gaya maka ba."

Tsohon ya buɗe baki zai zage ta, dariya ta riga zagin fitowa. Ya yi ta yi har da tari, yana dafe da teburin, tabarau ya zame masa zuwa kan hanci.

"Wallahi za ki aikata! Na san ki, za ki aikata." Ya laluba aljihu, ya zaro kuɗin maganin a nannaɗe, ya danna mata a tafin hannu. "Ungo, 'yar banza. Wuce mu je kantin ɓarayin naku. Ba inda za ni sai na karanta da idona."