Masu Fararen Riguna

Ni ba matsoraciya ba ce. Da ƙafata na ratsa Sahara. Shi ya sa da Hadiza, wadda muke aikin shara tare a wata kwalejin mata a Washington, ta ce tana tsoron goge tsohon zauren rawa, na karɓi bokitin ina dariya.

An daina rawa a zauren tun tuni. Hotuna ne kawai a bango, 'yan mata cikin fararen riguna.

Wata rana bayan la'asar, ina tura ƙofa na ji kiɗa ƙasa-ƙasa. Tsofaffi ne cikin fararen riguna, suna juyawa a hankali, ba mai magana. Ɗaya ta waigo ta yi mini murmushi. Na san fuskar. Kullum ina goge ta a bango.

Na ce, "Mutum ko aljan?" Sai ta miƙo mini hannu. Na yi a'uziyya na sheƙa mata ruwan sabulu.

Ashe tsofaffin ɗalibai ne suka zo tuna baya. Da ƙyar tsohuwar ta hana a kore ni.

Har yau, in farar tsohuwa ta shigo bas ɗinmu na zuwa unguwar Silver Spring, sai Hadiza ta taɓa ni: "Yaya, bi a hankali, wannan ma mutum ce, ta biya kuɗin mota."