Ranar da Na Ɗauki Dutse Na Bar Baba

Da Baba ya yi ritaya daga soja, ni na karɓe ɗaukar hoto, don na koyo cewa gwani ba ya ajiye mutum a tsakiya. Baba ya fito cikin kaki, lambobin yabo reras a ƙirji.

Na ce, "Baba, matsa gefe. Ƙara dai."

Da aka wanko hoton, dutsen bayan gidanmu na Dabai ya fito tsaf. Baba kuwa rabinsa ne, babu lamba ko ɗaya.

Ya daɗe yana kallo, ya ce, "Ashe dutse ne ya yi aikin soja."

Ni dai har gobe ina cewa dutsen ya yi kyau. Amma duk lokacin da na ɗaga waya zan ɗauki hoto, sai Mama ta ce, "Duk mai son fitowa ya hau dutse!"