Tarin da Na Ara

Har in koma ga Allah ba zan taɓa mantawa da ranar da na ari tarin matata ba. Zamanin muna zaune cikin ganuwar Ruma ne saboda harin Maradawa, ni ina sabon malami, rawani ya fi kaina girma. Mai ɗakina tana da cikin fari wata huɗu, ga tari ya hana ta sakat. Tsoro ya kama ni kada cikin ya taɓu.

Na hau jaki na nufi Tsaskiya wurin kakarta, tsohuwar ungozoma mai haɗa magani. To, amma wa ya isa ya buɗe baki ya ambaci cikin fari a gidan surukai? Bayan doguwar gaisuwa sai na dafe ƙirji na ƙaƙaro tari.

"Kaka, ni ne ba lafiya."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Kai ne, angona? Ita jikata fa?"

"Garau take." (Allah Ya yafe mini.)

Ta shiga ɗaki ta fito da ƙwarya cike da jiƙon filasko da jar kanwa. Ta ce tarin maza sai an wanke ciki tukuna. Na ce a zuba mini a gora in tafi da shi gida.

"A'a! Mai ciwo a gabana yake sha."

Na ɗaga na shanye tas, har da godiya.

Ashe ranar ana ɗaurin aure a maƙwabta. Dattawa suka ce ga ɗan malamai daga Ruma, shi zai yi addu'a. Na gyara zama, na ɗaga hannu, na fara jan baƙi don a san na yi karatu. Sai cikina ya yi wata irin ƙugi, har wani dattijo ya ce amin. Gumi ya karyo mini. Wallahi ban san lokacin da na ce "Fatiha!" ba. Kafin a shafa na haure darni na faɗa gonar dawa, rawanina na reto a jikin kara.

Da la'asar na dawo ina jan ƙafa, kunya kamar in nitse. Kaka tana riƙe da rawanin.

"Shashasha! Ni da na yanke wa matarka cibiya za ka ɓoye wa? Ka ga yadda maganin ya yi da ƙato. Da ita ka kai wa fa, da me zai rage a cikin?"

Ta miƙo ɗan tulun zuma, ta ce a sa wa jikarta a ruwan ɗumi, kuma kada ta kuskura ta sha sassaƙen kowa, in tarin ya ƙi a aiko a ɗauki ita Kakar.

Allah Ya sauke mai ɗakina lafiya, muka sami 'ya. Tun daga nan na daina yi wa mai magani alkunya. Sai dai har yau, da furfurata, in na yi tari a Tsaskiya sai wani ya ce, "Sannu Malam, wata nawa ne?"