Ranar Da Na Harbe Butar Surukina

Har yau ina nan a kan bakana: hannuna bai yi rawa ba ranar nan, kuma abin da na samu, na same shi da kyau.

Bindigar iska ce na saya a wani shago a unguwar Shisha, ƙirarta sak ta sojoji, baƙa wuluk, har da madubin saiti. Mai shagon ya ce, "Ya ammi, baffana, wannan kwaikwayo ce. Kyan gani gare ta, amma saitinta kwancewa yake yi. Ga wata mara ado, ta fi aminci." Na yi masa murmushin wanda kakansa maharbi ne a Gobir, na ɗauki mai kyan.

Ranar Juma'a muka fita bayan gari da dangin matata, can wajen iyakar Harami, aka kafa gwangwani a kan dutse. Na gyara tsayuwa, na rufe ido ɗaya, na yi wa ƙannen matata dogon bayani kan riƙe numfashi, sannan na danna kunama. Gwangwani ko gezau. Butar shayin surukina, da ke kan garwashi can gefe guda, ita ce ta yi ƙara ta fara tsiyaya.

Surukina ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce, "Mashallah, a tsakiya ka same ta."

Kuma gaskiya ya faɗa. Tun daga ranar sunana Sarkin Baka, kuma duk sa'ad da na yi sallama a gidansu a Utaibiyya, sai na ji wani daga ciki ya ce, "Yalla, maza a ɓoye buta."