Rasuwar Kart-Son Mai Rami Uku

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma tsananin takaici, Khalilu na unguwar bayan kasuwar tattasai, Diffa, yana sanar da rasuwar kart-son ɗinsa, ƴar akwatin nan da ya saya don ta shigar da murya cikin ordinatar, wato kwamfuta.

Marigayiyar kyakkyawa ce, wannan ba gardama. Baƙa wuluk, ga jar wuta tana haskawa a ramin bayanta. Mai shagon da ya sayar da ita ya rantse dijital ce, kuma duk rami rami ne. Khalilu ya yarda, shi da ya yi lise, babbar sakandare, har ya gama.

Sai a gida halinta ya bayyana. Rami ɗaya na USB ne, na zuwa ordinatar. Na biyu, mai jar wutar, haske kawai yake sha ta fil, wato wayar haɗi, na musamman. Na uku kamar na tsohon DVD, amma an rubuta masa S/PDIF, lambobi zalla yake ji. Shi kuwa mikro, abin magana, muryar mutum yake kawowa yadda take. Haka suka zauna kan teburi ɗaya, kamar Batube da Bafulatani babu tafinta. Ramin mikro, ko ɗaya ba ta da shi.

Abin da aka ɗauko ta dominsa ba wani babban aiki ba ne: naɗar waƙoƙin kamun kifi na kawunsa, Baba Fannami, tsohon masunci da zai koma garinsu Baruwa, kuma ba wanda ya riƙe su sai shi. Tsohon ya sa hula, ya gyara murya, ya rera har ya yi tari. Ita ko uffan.

Ciwon ajalinta gajere ne. Laminu mai gyaran rediyo, wanda ba a tambaye shi ba, ya cusa mata fil ɗin babban ampli, na'urar ƙara sauti, a rami na uku. Ta ce "tsss", ta ce "ɗas", ɗaki ya ɗau wari kamar an ƙona tattasai. Iyakar abin da aka taɓa ji daga bakinta ke nan.

Ta bar mikro ɗaya da bai taɓa aiki ba, da kwalinta, da Laminu da har yanzu yake cewa laifin kuran ne, wato wutar lantarki.

Za a kai ta makwancinta gobe da hantsi, a gefen buhun da ake shanya a kansa, inda za ta danne shi kada iska ta kwashe tattasai. Ba a buƙatar addu'a. Mai zuwa ta'aziyya ya zo da waya mai caji, wadda ke ɗaukar murya. Motar Baruwa bayan azahar za ta tashi, Baba Fannami kuma ya ce sau ɗaya zai ƙara rerawa.